Ina Karatun Likita, Amma Fargaba Ta Hana Ni Barci

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibar likitanci ce, ina shekara ta huɗu, bana muka fara shiga asibiti. Wata bakwai da suka wuce wani babban likita ya yi min tambaya a gaban majinyaci da 'yan ajinmu. Na san amsar, amma bakina ya ƙi buɗuwa, sai ya ce irina ne ke kashe mutane. Tun ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Da asuba gabana ke fara faɗuwa, kafin a fara zagayen duba majinyata tafin hannuna ya jiƙe, kullum a bayan layi nake laɓewa. Barcina ba ya wuce awa uku zuwa huɗu, kofi ne ke riƙe da ni. Ina auna bugun jijiyata ya fi sau ashirin a rana, duk cutar da muka karanta sai in ji kamar ita ce a jikina. Sau biyu numfashina ya sarƙe, yatsuna suka sandare, na ɗauka ajali ne ya zo. Wata ƙawata ta ba ni diyazefam, ƙwayar sa barci da kwantar da hankali, yau mako uku ina sha kafin in kwanta. A gida tuni suna kirana Likita, babu wanda ya san halin da nake ciki. Ina jin tsoron zuwa asibitinmu saboda malamanmu ne a can. Anti, raunin zuciya ne ko raunin imani? Ko dai ban dace da aikin nan ba ne, in haƙura in bari?

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne tsarinta. Kin faɗi lokacin da abin ya fara, da abin da ya tayar da shi, da alamominsa ɗaya bayan ɗaya, da sa'o'in barcinki, da maganin da kike sha har da tsawon lokacin da kika yi kina shansa. Haka ake ɗaukar tarihin majinyaci. Abu ɗaya ya rage ba ki yi ba, wanda da wata ce ta zauna a gabanki da waɗannan koke-koken da tun a makon farko kin yi shi: ba ki tura majinyaciyar wurin likita ba. Kin rufe ta a ɗaki wata bakwai, kina auna ta, kina yi mata faɗa, kina ba ta ƙwayar da babu likitan da ya rubuta, yanzu kuma kina shirin korarta daga makaranta. Bari mu zauna mu duba yarinyar nan tare, da irin adalcin da za mu yi wa ɗiyar wani.

Kin tambaya ko raunin zuciya ne ko raunin imani. Ko ɗaya. Mai raunin zuciya ba ya tashi kullum gabansa na dukan uku-uku, ya sa farar riga ya nufi wurin da yake tsoro, wata bakwai a jere. Batun imani kuwa, ki riƙe addu'arki da kyau, tana da gurbin da babu abin da zai cike shi. Amma ba ki taɓa tsayawa a kan mai ciwon sukari kin ce masa da imaninsa ya cika da bai nemi allurar insulin ba. Jikin da ke fitar da insulin shi ne dai ke fitar da adirenalin, sinadarin da ke zuba cikin jini idan mutum ya tsorata.

Abin da ke damunki ma kin rubuta jarrabawa a kansa tun kina shekara ta biyu. A 1915 Walter Cannon, malamin fiziyoloji, wato ilimin yadda jiki ke aiki, a jami'ar Harvard ta Amurka, ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu idan ya hango haɗari. Amigdala, ɗan ƙullutun nan da ke can cikin ƙwaƙwalwa, ita ke kaɗa ƙararrawa. Adirenalin ya zuba cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, tafin hannu ya jiƙe, yawu ya ƙafe. Ƙararrawar nan ba ta tsayawa bambance kura da babban likita mai ɗaga murya. A daidai wannan lokacin ne kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai tsara magana da zaƙulo abin da aka adana, aikinsa ke ja da baya. Shi ya sa amsar ta maƙale miki a wuya. Ina kyautata zaton kina fita daga ɗakin ta faɗo miki tiryan-tiryan.

Sau biyun da kika ji kamar ajali ya zo, bayaninki ya yi kama da firgicin nan mai tasowa farat ɗaya. Numfashi ya yi sauri fiye da buƙatar jiki, iskar kabon ta ragu a jini, sai jiri, sai yatsu da gefen leɓe su riƙa yi kamar tururuwa na bi, mutum ya ƙara tsorata ya ƙara jan iska, abin ya yi ta ciyar da kansa. Yawanci cikin minti 10 yake kaiwa maƙura sannan ya fara sauka. Akwai azaba a cikinsa, ban raina ba, amma shi kansa ba ya kisa. In ya sake zuwa, ki sami wuri ki zauna, ki bar kokawar cika ƙirji, ki mai da hankali kan fitar da iska sannu a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, kamar ki ƙirga huɗu a shiga, shida ko bakwai a fita.

Da gangan na ce ya yi kama. Ba a tabbatar da cuta ta wasiƙa. Idan tayirod, ƙullutun nan da ke gaban wuya, na aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya da gumi da rashin barci. Ƙarancin jini na kawo bugun zuciya da haki. Akwai kuma rikicewar bugun zuciya ta gaske. Gwajin jini da na zuciya ne za su raba gardama, sau ɗaya tak, a hannun wani ba a hannunki ba.

Yanzu ƙwayar. A duk wasiƙar nan ita ta fi tayar min da hankali, don haka ki karanta wannan wurin da natsuwa. Diyazefam da danginsa, ko likita ne ya rubuta su don fargaba, ba a son a wuce mako 2 zuwa 4 ana shansu, ke kuwa kina cikin na uku ba tare da kowa na sa ido ba. Jiki yana saurin sabawa da su. Ƙwaya ɗayar da ta sa ki barci a makon farko za ta daina isarki, ranar da kika rasa ta kuma fargabar za ta dawo fiye da da, sai ki ɗauka ciwon ne ya ƙaru alhali jiki ne ke neman abin da ya saba. Kada ki ƙara yawanta. Kada kuma ki yanke ta yau da dare don kin karanta maganata, domin yankewa lokaci guda bayan an saba na iya kawo rawar jiki da tsananin rashin barci, ga wanda ya daɗe yana sha da yawa har da jijjiga. Likita ne zai tsara miki ragewa kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma abin da ya shafe ki a matsayinki na ɗaliba. Diyazefam yana daɗewa a jiki, wanda kika sha daren jiya yana nan tare da ke a zagayen safe, har ya wuce. Magungunan wannan gidan suna hana ƙwaƙwalwa adana sabon abu. Kin ga yadda ake yi wa majinyaci allurar midazolam kafin a zura masa na'ura a ciki, ya farka bai tuna komai ba? To 'yan uwan juna ne. Kin raba dare kina karatu, sannan kin haɗiyi abin da ke hana karatun zama. Haka ma furofaranolol da ɗalibai ke miƙa wa juna ana gobe jarrabawa: yana rage bugun zuciya, gaskiya ne, amma mai asma in ya sha yana iya toshe masa numfashi, kuma wanda ya miƙa masa bai tambaye shi ba.

Ban ce ƙawarki ta nufe ki da sharri ba. Abin da nake so ki tsaya ki tambayi kanki shi ne, ita me ya sa take da ƙwayar a jakarta?

Domin ba ke kaɗai ba ce, kuma ba don lallashi nake faɗa ba. A 2019 wasu masu bincike a Singafo sun tattara nazarce-nazarce 69 daga sassan duniya, waɗanda suka shafi ɗaliban likitanci sama da 40,000, suka gano kusan kashi 34 cikin 100 na da alamomin fargaba. Mutum ɗaya cikin uku ke nan. Kafin nan, a 2016, mujallar JAMA ta ƙungiyar likitocin Amurka ta buga makamancin wannan aikin a kan ciwon damuwa, daga ƙasashe 43, inda aka sami kashi 27 cikin 100 na ɗaliban da alamominsa, kashi 11 kuma tunanin kashe kai ya taɓa zo musu. Waɗannan alƙaluma daga takardun tambayoyi aka samo su, ba kowane ɗaya ne likita ya zauna ya tabbatar ba, amma sun isa su nuna girman abin. Gobe in kun jeru a bakin gadon majinyaci ku goma sha biyu, ki sa a ranki akwai wajen huɗu da cikinsu ke kaɗawa kamar naki.

Lokacin da nake ɗaliba akwai wani ɗan ajinmu da kullum shi ne a gaba, ana jefo tambaya yana cafewa. Na daɗe ina kallonsa ina cewa wannan shi aka halitta don aikin, mu 'yan rakiya ne. Sai bayan mun gama da shekaru ya gaya min cewa kusan kowace safiya sai ya yi amai kafin ya shigo zagaye, kuma saurin amsawar tasa don kada shiru ya ba tsoro damar kama shi ne. Na yi baƙin ciki da jin haka, don mun yi shekaru muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa na ɗauke da abu iri ɗaya, kowa na zaton shi kaɗai ne. Wannan jin na cewa kuskure aka yi aka ɗauke ni, wata rana asirina zai tonu, tun 1978 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka rubuta a kansa, kuma a wurin mata masu hazaƙa da nasara suka fara lura da shi. Makarantar likita kuwa matattara ce ta waɗanda kowannensu ya saba zuwa na ɗaya a inda ya fito. In aka tara na ɗaya ɗari a aji guda, dole wani ya zo na ɗari, kuma babu wanda aka taɓa koya wa yadda ake zama a tsakiya da mutunci.

A wannan rahoton na 2016 akwai adadin da ya fi ci min rai: cikin waɗanda aka samu da alamomin ciwon damuwa, ƙasa da kashi 16 cikin 100 ne suka nemi magani. Mutanen da suke kwana suna tashi a cikin asibiti. Wanzami ba ya son jarfa.

Sai maganar babban likitan nan. Bai kyauta ba, kuma abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne. Na san za a ce haka aka koyar da su, haka su ma aka yi musu, wai zafin ne ke gasa likita. Ban yarda ba. Tambaya mai tsauri a bakin gado tana da amfani, ni ma ina goyon bayanta, domin majinyaci ba zai jira ki buɗe littafi ba. Amma tozarta ɗaliba a gaban majinyaci abin da yake koya mata shi ne ɓuya, ga shi kuwa kin koya. Likitan da ke kashe mutane shi ne wanda bai sani ba kuma ba zai iya buɗe baki ya ce bai sani ba, wanda zai ga jinin majinyaci na sauka cikin dare ya ƙi kiran na gaba da shi don gudun a yi masa tsawa. Malamin da ya sa ɗalibansa tsoron cewa ban sani ba, irin wannan likitan yake renowa. Jumlar tasa ta fi nuna halinsa, ko gajiyarsa ta wannan safiyar, fiye da yadda ta nuna ƙwaƙwalwarki. Shi wataƙila kafin la'asar ya manta, ke kuma kin yi wata bakwai kina maimaita wa kanki ita da muryarki.

Sai dai laɓewar da kike yi a bayan layi ita ce ke shayar da tsoron. Duk safiyar da kika tsira ba a tambaye ki ba, kina jin sanyi a ranki, ƙwaƙwalwa kuma sai ta rubuta cewa ɓuyar ce ta cece ki, gobe ƙararrawar ta ƙara ƙarfi. Hanyar warware wannan ita ce komawa wurin a hankali, daki-daki. Ki fara da gabatar da majinyaci ga ƙawarki a ɗaki, da babbar murya, a tsaye. Bayan kwanaki ki nemi wani ƙaramin likita mai sauƙin kai, a kowane sashe akwai irinsu, ki roƙe shi minti biyar ya saurare ki ya yi miki tambayoyi. Sannan ki matso layi na biyu. Sannan wata rana ki zaɓi majinyacin da kika san tarihinsa ciki da bai, ki ce ke za ki gabatar. Gabanki zai faɗi a kowane mataki, kada ki jira ya daina kafin ki taka na gaba, da takawar yake raguwa. Kuma ki haddace jumla ɗaya har ta zama kamar sunanki: "Ban sani ba, ranka ya daɗe, zan duba in kawo amsa gobe." Ki kuma kawo ɗin. Ranar da kika faɗe ta a gaban mutane kika ga rufin bai faɗo ba, rabin ƙarfin abin ya tafi.

Auna jijiyar ma tafiyarsu ɗaya. Jin cewa duk cutar da aka karanta tana jikin mutum tsohon abu ne a makarantun likita, har ana kiransa ciwon ɗaliban likita. Jiki bai taɓa yin shiru ba, kullum akwai ɗan motsi nan, ɗan suka can, da can ba ki da sunan da za ki ba su ne. Yanzu kin san sunayen cututtuka ɗari, amma ba ki ga majinyata dubun da za su koya miki wace ce ta yawaita wace ce sai an tona ba. Kina ɗora yatsa a wuyan hannu cikin tsoro, tsoron ya ƙara bugun, ki ga adadin ya hau, ki sake aunawa. In likita ya gama gwajinsa ya ce zuciya lafiya, ki mai da aunawar sau biyu a rana a ƙayyadadden lokaci, bayan mako guda sau ɗaya, daga nan ki bari.

Barcin awa uku kuwa, ko mutumin da ba shi da wata damuwa a duniya aka riƙe a haka na wata guda sai ya fara firgita. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa da saitin hannunsa na raguwa kamar na wanda giya ta fara taɓawa. Cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa ke kwashe karatun yini ta kai ma'ajiya ta dindindin. Kofin da kike dogara da shi, kafeyin ɗin cikinsa sai ya yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, wanda kika sha da magariba yana nan daram da tsakar dare. Alamomin yawansa kuwa su ne bugun zuciya da rawar hannu da rashin natsuwa, wato hoton abin da kika rubuto min. Da safe kina taka totur, da dare kina taka birki da ƙwaya. Ki rage shi a hankali don kada ciwon kai ya sa ki koma, kuma daga azahar kada ki ƙara. Ki motsa jiki ko da tafiyar sauri ce ta rabin awa, adirenalin ɗin nan don gudu aka zubo shi.

Na san abin da za ki ce: in na yi barci yaushe zan gama karatun? Ba za ki gama ba. Babu wanda ya taɓa gama karatun likita, har malamin da ya yi miki tsawa. Tun da kogin ba shi da gaɓa, ke za ki sa masa iyaka, ki ce ƙarfe kaza na rufe littafi ko an kai ko ba a kai ba. Ki kuma duba yadda kike karatun. Mai fargaba yana son maimaita karanta shafi ɗaya, don ganin abin da ido ya saba da shi na kwantar da hankali. Amma a 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Ki karanta, ki rufe, ki faɗa da baki kamar ana tambayarki a zagaye, ki dawo kansa bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk waɗannan da na lissafa taimako ne, amma ba za su maye gurbin zama a gaban likita ba, kuma tsoronki na zuwa asibitinku na fahimce shi. Sirrin majinyaci wajibi ne a kan likita ko da majinyacin ɗalibinsa ne. Duk da haka in ranki bai kwanta ba, babu dole sai can. Ki je wani asibitin da ba a san fuskarki ba, ko sashen kula da lafiyar ɗalibai ko na ba da shawara in jami'arku na da shi. Abin da za ki tarar ba abin tsoro ba ne. Zai saurare ki, ya duba ki, ya tura ki gwaji. Mai yiwuwa ya ba ki takardar nan mai tambayoyi 7 ta auna fargaba wadda aka fitar a 2006, makinta daga 0 zuwa 21, wanda ya kai 10 ana son a zurfafa bincike a kansa. Kada ki je ki cike ta ke kaɗai da tsakar dare ki yanke wa kanki hukunci.

Magani iri biyu ne, kuma dukansu suna aiki. Akwai na zama da magana, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960, inda ake koya wa mutum kama tunanin da ke tayar masa da hankali ya auna shi da hujja, sannan ya tunkari abin da yake gudu mataki-mataki. Alal misali, ke yanzu zuciyarki na cewa wadda ta kasa amsa tambaya ɗaya za ta kashe majinyaci. Za a zaunar da ke a tambaye ki, ina hujja, likita nawa kika sani da bai taɓa kasa amsa ba, jarrabawa nawa kika ci kafin ki iso shekara ta huɗu? Akwai kuma na sha, irin su satiralin, waɗanda ba sa sa maye irin na diyazefam. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji amfaninsu sosai, a kwanakin farko ma fargabar kan ɗan ƙaru, don haka kada ki yar da su a rana ta biyar ki ce ba sa yi. Wanne ya dace da ke, ko duka biyun, wannan tsakaninki da wanda ya duba ki ne.

Akwai tambayar da ba ki taɓo ba, ni kuma ba zan tsallake ta ba, kamar yadda aka koya miki kada ki tsallake ta ga majinyaci. Ƙanwata, tunanin cewa gara ba kya raye, ko na cutar da kanki, ya taɓa zo miki? In ya taɓa, ko sau ɗaya ne, to ba maganar mako mai zuwa ba ce. Yau za ki gaya wa wani da kika amince da shi, ki miƙa masa ƙwayoyin ya riƙe miki, ya raka ki sashen gaggawa. Babu abin kunya a ciki, kuma ana fita daga wannan halin.

Mutanen gida da ke kiranki Likita, ƙauna ce da alfahari, ba su san sun ɗora miki dutse a ka ba. Ba sai kin tara kowa ba. Ki zaɓi mutum ɗaya, wanda kika san in ya ji zai fara tambayar lafiyarki kafin ya tambayi makinki, ki ce masa ba ki da lafiya kuma kina ganin likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye da yawa da muke zaton takardar shaidar ce a gabansu, in suka ji halin da ɗansu ke ciki sai ka ga ɗan ne a gabansu tun farko. In kuma aka yi rashin sa'a wanda kika gaya wa bai fahimta ba, wannan ba zai hana ki shan magani ba, ki nemi wani.

Sauran tambayarki ta ƙarshe, ko ki bari. Ba zan ce miki kada ki taɓa bari ba. Akwai waɗanda suka bar likitanci suka sami rayuwa mai kyau a wani fagen, kuma ba su yi abin kunya ba. Abin da nake cewa shi ne ba yanzu ba. Wadda ke barcin awa uku, kafeyin na jan ta gaba diyazefam na jan ta baya, ba ita ya kamata ta yanke hukuncin shekara arba'in masu zuwa ba. Na kuma lura da abin da babu a wasiƙarki. Ba ki ce kin tsani majinyata ba, ba ki ce ilimin ya gundure ki ba, ba ki ce tilasta miki aka yi ba. Tsoro kawai kika kwatanta daga farko har ƙarshe, shi kuwa tsoro ana maganinsa. Ki ba kanki wata shida kina karɓar magani kina barci. In bayan nan kin shiga ɗakin majinyata da natsuwa kika ji zuciyarki ba ta wurin, sai mu sake zama mu yi wannan maganar da idon basira. In ma a tsakani nauyin ya fi ƙarfinki, makarantu da yawa na ba da damar jingine karatu na wani lokaci saboda rashin lafiya, ki tambayi ƙa'idar taku kafin ki ɗauka ko dai ci gaba ko dai fita ne kawai zaɓi.

A cikin makon nan nake so ki je, kada ki ce sai an gama jarrabawar da ke tafe, don bayanta akwai wata. In kina tsoron bakinki zai sake ƙin buɗuwa a gaban likitan, ki tafi da wasiƙar nan da kika rubuto min ki miƙa masa ya karanta, tarihin ya riga ya cika. Ki sa ragowar ƙwayoyin a jaka ki nuna masa, ki faɗa masa guda nawa kike sha ba tare da ragi ba. Ranar ki bar farar rigar a ɗaki, ki karɓi kati ki bi layi, in an kira sunanki ki zauna a kujerar majinyaci ki bar shi ya yi tambayoyin. In kin dawo ki rubuto min abin da ya ce, ina jira.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Antinki